Wuƙar da Aka Ƙera wa Obi

Yanzu a garin nan ko abin yanke farce ka ciro a cikin tasi, sai ka ga na kusa da kai ya manne da ƙofa yana karanta abin da ya sawwaƙa. Rannan a Titin Bauchi na sayi rake, na sa hannu a aljihu bisa sabo, na ji ba komai sai waya da makulli. Mai raken ya ce, "Alhaji, a kankare?" Wai ni ne Alhaji. Na ce kankare mana, haƙoran ma sun fara neman ritaya. Ya kankare, ya yayyanka ƙanana, ya zuba a leda kamar za a kai wa maras lafiya a asibiti. Na tsaya riƙe da ledar nan raina a ɓace, kuma ba shi ya ɓata min ba.

Da ba haka Jos take ba. Lokacin da muke tashe a Rikkos, wuƙar aljihu abin aiki ce kamar cokali. Da safe cikin sanyin nan mai shiga ƙashi, Inna za ta turo maka kwanon dankalin Turawa ta ce feraye, kana yi yatsu na daskarewa. Da ita kake fiƙe fensir, da ita kake yanka robar tayar keke ka yi danƙo, da ita kake kankare karas a bakin famfo, da ita kake cire tsakuwar da ta maƙale a takalmi. Babanmu tela ne, yakan ce yaron da ba shi da wuƙa a aljihu kullum yana ƙofar wani yana aro. Idan ka zauna a teburin mai shayi da yamma, sai ka ji ƙyas nan, ƙyas can, ana buɗewa ana rufewa, wani na yanka burodi, wani na gyara farce, wani kawai daɗin ƙarar yake ji. Ba mai ɗaga kai. Yau ka yi wannan ƙyas ɗin a teburin mai shayi, wallahi kafin shayinka ya huce kai kaɗai za ka rage a benci.

Ni kuwa abin ya wuce aiki, ya zama ciwo. Ni da makaranta mun rabu a aji uku na sakandare, lafiya lau, ba wanda ya yi kewar wani. Na shiga buga-buga, yau kwandasta, gobe dako, jibi acaba da mashin ɗin wani. Duk abin da na samu, rabi na ciki, rabi na wuƙa. Ina da wani babban gwangwanin madara a ƙarƙashin gado, a ciki nake tara su. Akwai mai zobe wadda sai ka ja zoben take rufuwa. Akwai mai jan jiki, da cokali da abin buɗe kwalba da wani ɗan almakashi da bai taɓa yanka komai ba. Akwai wadda na samo a wurin wani tsohon kukun Turawan kuza, bakinta ya cinye saboda wasawa har ta koma kamar tsinke. Yawanci a gwanjo nake tsinto su, a cikin aljihun tsofaffin kwat ko a kan tiren masu kwaɗo da tocila. Ran Lahadi sai in baje su a kan tabarma, in shafa musu man keken ɗinkin Babanmu, in jera su tun daga babba. Inna takan leƙo ta ce, "Sa'anninka na tara kuɗin aure, kai kana tara ƙarfe. To, ka auri mai zoben."

Abokin wannan hauka shi ne Obinna, muna ce masa Obi. Iyayensa daga kudu suka zo, amma shi a Rikkos aka yanke masa cibiya, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Hausarsa ta fi tawa zagi. Yana da shagon kayan babur a Titin Bauchi, can nake zama idan ba aiki, ina ce masa Oga Obi don in ji daɗin cin gyaɗarsa. Shi kuma Malam Gwanjo yake ce min. Wuƙaƙensa ba su kai nawa yawa ba, amma ya fi ni tsirfa. Zai ɗauki tawa ya juya ta, ya danna bakinta da farce, ya taɓe baki.

"Wannan ai gwangwanin kifi aka buga."

"Tana yanka ko ba ta yanka?"

"Yau tana yanka. Gobe fa?"

"Gobe in sayi wata. Ai ba aurenta na yi ba."

Gardamarmu ke nan kullum, har masu shagunan kusa sun haddace ta. Ni ina cewa wuƙa wuƙa ce, duk wanda ya zuba kuɗi a ƙera masa tasa ta musamman, kuɗin ne suka yi masa yawa. Shi yana cewa gara guda ɗaya da ta san hannunka da cikin gwangwani da ba su san kowa ba. Har ranar da ya ce in raka shi wurin Baba Maƙeri.

Baba Maƙeri tsoho ne a can ƙarshen layinmu, ubansa ne ke gyara wa 'yan haƙar kuza diga da shebur. Aikinsa na kullum fartanya ne, da adda, da wuƙar mahauta, kuma duk abin da ya ƙera sai ya buga masa ɗigo uku kusa da ƙota. Amma idan ya ga dama, kuma ya ga mutum ya yi masa, yakan ƙera wuƙar aljihu mai naɗewa. Ruwanta, wato ƙarfen yankan, daga sifirin ɗin tsohuwar babbar mota, ƙotarta ƙahon sa. Kuma yana da ƙa'ida. Ba ya tambayarka irin wadda kake so. Zai gutsuro jiƙaƙƙen yumɓu ya mulmula shi kamar rogo, ya sa maka a hannu ya ce matsa. Idan ka buɗe, sai ya ajiye shi a kan katanga ya bushe, a kansa zai sassaƙa ƙahon, kowane yatsa da gurbinsa. Idan kuma aiki ya kammala, ba ya ba ɗan aike. Sai mai ita ya zo ya riƙe, shi kuma ya bi da magagari yana gogewa har ta zauna. Katangar nan cike take da busassun yumɓu, hannun mahauta, hannun direbobi, hannun wani fasto, hannun mutanen da sun daɗe a ƙasa.

Da Baba ya faɗi kuɗin, na riƙe kai. Zai sayi gwangwanina gaba ɗaya har a ba shi canji.

Na ce, "Baba, da injin take zuwa?"

Ya ce, "Kai ja'iri, ja min zugazugin nan ka rufe min baki."

Obi ya biya nan take, ko tayi bai yi ba, ɗan kasuwa guda. Ya matsa yumɓun da hannun dama, ya buɗe, yatsu huɗu reras. Ya ce, "Baba, yaushe zan zo?"

"Ran da ta gama."

"Wata ɗaya?"

"Sauri kake? Ga abokinka nan, yana da su cikin gwangwani."

Muka fito Obi na dariya har da buga ƙafa. Wata ɗaya ya wuce, biyu suka wuce, kullum ina tsokanarsa. Ina cewa wuƙar Oga Obi tana makarantar kwana, sai ta gama digiri za ta fito.

Sai gari ya rikice.

Ba zan ba da labarin wannan ba, duk ɗan Jos yana da nasa, kuma kowane ɓangare ya binne mutane. Ni dai abin da na gani kaɗan ne, don Inna ta tura mu ɗaki ni da ƙannena, ta sa kwaɗo, ta zauna a bakin ƙofa da taɓarya a cinya, ta rantse duk wanda ya fita ba ta yafe masa nononta ba. Muna jin ihu, muna jin harbi, hayaƙi na shigowa ta ƙasan ƙofa. Da aka buɗe mu, gidan su Obi ba kowa, an ce motar sojoji ta kwashe su. Shagonsa ya zama toka. Bayan 'yan kwanaki aka ce za a shiga gida-gida neman makamai. Inna ba ta ma tambaye ni ba. Ta ɗauko gwangwanina ta juye shi a masai, ina jin su suna faɗawa, mai zobe, mai cokali, ta tsohon kuku. Abin da ya ba ni tsoro shi ne ko zafi ban ji ba.

Daga nan garin ya rabu kamar an ja layi da alli. Su Obi suka koma Anguwan Rukuba. Na ji yana raye, shi ke nan abin da na sani, lokacin waya ba ta zo hannun irinmu ba. Tafiyar da a da kake yi a ƙafa kana cin masara, ta zama sai ka yi shawara da mahaifiyarka.

An ɗauki watanni, ran nan Baba Maƙeri ya aiko a kira ni. Na same shi da ƙaho biyu a tafin hannu, baƙi mai ratsin fari, sumul, da gurbi huɗu.

Ya ce, "Ƙotar yaron nan ce. Ya biya, kuma ba na cin haƙƙi. Shi ba zai iya zuwa ba, ni ba zan aika da kaifi cikin garin nan ba. Ka kai masa wannan ya riƙe, ka duba inda ta matse shi, ka dawo ka faɗa min. Ruwan yana nan, sai na san ƙotar ta zauna zan haɗa."

"Baba, Anguwan Rukuba fa ka ce."

"Ƙaho ne. Wa ya taɓa mutuwa don ya riƙe ƙaho?"

"Sa."

Bai yi dariya ba. Ya ɗaure su da zare ya miƙo min.

Na cire hula, na sa wandon jins da hular hana-sallah, na hau mashin. A shingen sojoji aka laluba ni, aka ciro ƙahon, na ce maganin basir ne, sojan ya jefo min da sauri yana goge hannu a wando. Na yi ta tambaya har aka nuna min gidan, ɗaki biyu a bayan wani coci. Mama Obi na zaune a waje tana tsince wake. Matar nan da ta yi ta zuba min shinkafa tun ina yawo ba wando, ta ɗago ta dube ni kamar mai karɓar haraji.

Na durƙusa. "Mama, ina wuni?"

Ta ce da gurguwar Hausarta, "Kai ya zo? Ranar nan ina kai yake?"

Sai ga Obi ya fito, ya rame, hannun dama a aljihu. Ya ce, "Malam Gwanjo! Wa ya sayar maka da wannan hular? Kamar ɓarawon kaji." Ya rungume ni da hagu.

Na ciro ƙahon, ina zuba surutu don in rufe maganar Mama. "Wuƙarka ta gama digiri, Oga, saura bautar ƙasa. Riƙe mu gani."

Ya dubi ƙahon ya daɗe. Sannan ya zaro hannun daga aljihu. Ƙaramin yatsa da mai bi masa babu, an ɗinke wurin, fatar ta yi sheƙi. Ya karɓi ƙotar ya riƙe. Yatsu biyu suka shiga gurbinsu daidai kamar an zuba su, gurbi biyu na ƙasa suka zauna wayam.

Ya ce, "A ƙofar shago ne, da adda. Na ɗaga hannu in kare kai."

A nan na gane wani abu da ban taɓa kawowa a gardamarmu ba. Da wuƙar gwanjo na kawo masa, da ya riƙe ta yadda ya samu, ba ruwanta da yawan yatsunsa. Wannan kuwa ta san shi. Tana nuna masa abin da aka ɗauke, a gabana, a gaban uwarsa. Na ji kamar in fizge ta in jefa kwata.

Shi kuwa sai ya zaga bayan ɗaki, ya dawo da jar ƙasa a kofi, ya zuba ruwa ya kwaɓa. Mama ta miƙe, waken ya zube. Ta yi masa faɗa da yarensu, sannan ta juyo da Hausa don in ji. "Wuƙa ya yanke ka, kana aika a kawo wuƙa? Daga wurin su?"

Ya ce, "Mama, ba daga wurin su ba. Daga wurin Baba. Na biya kuɗina, kuma abu ɗaya ke nan da ya rage min a Rikkos wanda bai ƙone ba." Ya mulmula, ya matsa, ya buɗe. Ya sa min a cikin kofin a hankali. "Ka ce masa hannu ya canja, ya sake aiki. Kuma kada ya ce zan ƙara ko sisi."

Na dawo ina tuƙi da hannu ɗaya, kofi a ƙirji, ina kauce wa ramuka kamar na ɗauko mai naƙuda.

Baba ya ciro ƙasar daga kofi, ya ɗauko tsohon yumɓun Obi daga katanga, ya ajiye su gefe da gefe a kan uwar maƙera. Ya sa yatsansa a inda babu gurbi. Wutar na ci, ƙarfen wani na ciki yana ja, bai kula ba har ya ƙone.

Ya ce, "Da me?"

"Adda, in ji shi."

"A Titin Bauchi?"

"A ƙofar shagonsa."

Ya zauna a ƙasa, ba a kan kujerarsa ba. Ya ce kafin rikicin nan samari sun yi ta zuwa a ƙera musu adduna, wai na sharar gona. Samarin da ko barkono ba su taɓa shukawa a gwangwani ba. Ya ce ya gan su, ya san iyayensu, ya karɓi kuɗinsu, ya wasa musu har tana aske gashin hannu, ya buga ɗigo ukunsa. Bai tambaya ba. "Ka koma ka tambaye shi ko ya ga jikin ƙarfen. In tawa ce, da wane ido zan miƙa masa wata?"

Daga ranar maƙerar ta yi shiru. Layinmu da muka saba tashi da tin-tin-tin ɗin masabarsa tun kafin rana ta fito, sai kukan zakara kawai. Mata na kawo fartanya yana cewa su kai gaba. Na yi ta ja da ƙafa, don wace irin tambaya ce wannan za ka kai wa mutum? Da na ga tsohon ya fara zama a rana ba ya ko kora ƙuda, na sake sa hana-sallah.

Na sami Obi a ɗaki yana koyon rubutu da yatsu uku. Na yi ta kewaye-kewaye, na ba shi labarin masai da gwangwanina, ya yi dariya har da tari. Sannan na faɗa masa. Ya ɗaga kai ya kalli silin.

Ya ce, "Ka ce wa Baba ta kasuwa ce. Irin kayanka, Malam Gwanjo. Sai da aka sara sau uku kafin su fita. Da tasa ce ai da har wuyan hannu ta tafi a sara ɗaya. Ka ga dai na ci gardama, ƙarfen banza ko mugunta bai iya ba."

Na yi dariya don ya yi. Mama da ke bakin ƙofa ta tashi ta fita.

Ya rako ni wurin mashin. Na riga na taka kik, sai na kasa haƙuri. Na ce, "Obi, tsakaninka da Allah, ka ga addar?"

Ya ce, "Wa yake duba tambari a wannan lokacin? Ban ga komai ba. Sau ɗaya ne, kamar an tsinke kuɓewa, sai da na ga jini na san sun tafi." Ya dafa kafaɗata da hannun. "Wannan naka ne. Na farkon shi ne na Baba."

Na kai wa Baba saƙon farko, da muryar Obi da komai, har da yadda ya ɗaga gira. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Kai tun kana yaro ba a taɓa aikenka ka kawo magana yadda aka ba ka ba. Sai ka sa mata gishiri."

"Wallahi Baba haka ya ce."

"Ja zugazugi."

Ya sassaƙa sabon ƙaho mai gurbi biyu, ƙasan ya yi shi da kauri, ya lanƙwasa shi yadda zai tokare tafin hannu a inda yatsun suka bari. Ya haɗa ruwan, ya buga ƙusoshin tagulla, ya wasa. Na duba kusa da ƙota, bai sa ɗigon ba. Da safe na fito na gan shi a ƙofar gidanmu da farin kaftani na Juma'a, da hula, magagari a hannu.

Ya ce, "Tada mashin. Da kunnena zan ji."

"Baba, a haka? Ko hular ka cire mana."

"Da ita ubansa ya san ni."

Inna ta fito ta gan mu, ta dubi tsohon, ta matsa ta ba mu hanya. Muka kama hanya. Tun kafin mu tsaya a shinge Baba ya ciro wuƙar a rufe, ya ɗora a tafin hannu, ya miƙa wa sojan. Na ce a raina yau mun kwana a bariki. Sojan ya buɗe ta, ƙyas, ƙarar da na daɗe ban ji ba. Idonsa ya yi haske, na san wannan kallon, irin nawa ne a gwanjo. Ya damƙe ƙotar, ya sake gyarawa, ya juya ta, ta ƙi zama.

Ya ce da Hausarsa ta bariki, "Baba, wannan ya lalace."

Baba ya ce, "Ba ita ba ce. Hannun mai ita ne." Ya ɗaga nasa hannun ya naɗe yatsu biyu.

Sojan ya dube shi, ya dubi wuƙar, ya rufe ta ya mayar masa. Ya ce mu dawo kafin dokar hana fita.

Da muka shiga layin su Obi, mutane suka fara fitowa. Na ji idanu a bayan wuyana kamar garwashi. Wasu samari suka taso daga bakin shago suka tsaya nesa kaɗan, hannu a ƙirji. Mama Obi ta fito, ta ga farin kaftani, ta tsaya cak. Baba ya gaishe ta, ya yi mata jaje, ya tambayi mai gidan. Ta shiga ciki, na ce shi ke nan. Sai ga ta da kujera da kofin ruwa. Ta ajiye kujerar a waje, a tsakiyar idon jama'a, ta juya ta yi wa samarin nan wata magana ɗaya da yare, suka koma bakin shagonsu. Baba ya shanye ruwan tas.

Obi ya durƙusa a gabansa. "Baba, sannu da zuwa. Ka ga aikin ya ragu, sai ka rage min kuɗi."

Baba ya kama hannun da nasa biyu, ya juya shi, ya bi ɗinkin da babban yatsa a hankali. Likita ya riga ya gyara wurin, ba abin da ido zai karanta. Ya ce, "Yaro, faɗa min da bakinka."

Obi ya dube shi cikin ido. "Ta kasuwa ce, Baba. Sau uku. Har lanƙwashewa ta yi."

Baba ya juya tafin sama. Ya sa masa wuƙar a hannu ya ce matsa. Ya tambayi inda take cizo, ya karɓa ya goga, ya mayar, ya sake karɓa. Garin ƙaho na zuba a kan farin kaftaninsa, ƙamshin nan kamar gashi ya ƙone. Duk layin ba ka jin komai sai kurr-kurr ɗin magagari. A karo na ƙarshe Obi ya riƙe, ya jujjuya hannu sama da ƙasa, ya sassauta yatsun, ba ta faɗi ba. Tun da abin ya faru, in ji shi, ko cokali sai ya kula yake riƙewa. Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Malam Gwanjo, a cikin gwangwaninka akwai irin wannan?"

Na ce, "Gwangwanina yana masai, Oga. Ka ci."

Ba mu daɗe ba, rana ta fara karkata. Muka wuce shingen, sojan ya ɗaga mana hannu. Baba na bayana, mara nauyi kamar na ɗauko buhun ganye, ya riƙe rigata ta gefe biyu. Mun gangaro inda hanya ta yi shiru, tsakanin ƙonannun gidajen da ba na kowa ba yanzu, sai na ji ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

Ya ce, "Sara ɗaya ne, ko?"

Na murɗa totur, na bar salansar mashin ta yi ta ihu har Rikkos.